A Ceci Tarihin 'Yan Mazan Jiya Tun Suna Raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in ja hankalin iyalan tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin basasar Nijeriya, da kuma hukumomin da takardun aikinsu suke hannunsu.

An fara yaƙin ranar 6 ga Yulin 1967, aka ƙare shi ranar 15 ga Janairun 1970, don haka saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a farkon yaƙin, yau yana dab da tamanin idan Allah ya ja da ransa. Kafin yaƙin, sojojin ƙasar nan kimanin dubu 10 ne, amma ko da aka ajiye makamai sun kai wajen dubu 250, kuma da yawansu samarin ƙauye ne da aka ɗiba cikin gaggawa, aka yi musu gajeren horo, aka tura su fagen daga. Har tsofaffin da suka yi yaƙin ƙasar Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sai da aka sake kira. Tarihin manyan hafsoshi a rubuce yake, kowa ya san Muhammadu Shuwa ne ya jagoranci Runduna ta Ɗaya, Murtala Muhammad ta Biyu, Adekunle kuma ta Uku kafin Obasanjo ya gaje shi a 1969. Kurtu da kofur da saje kuwa, labarinsu yana cikin ƙirjinsu, kuma kullum sai raguwa suke yi.

Marigayi mahaifina yana cikin waɗannan. Ya bi Runduna ta Ɗaya ta Nsukka har zuwa Inugu, wadda ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoban 1967, kuma wannan shi ne iyakar abin da muka sani. Ba mutum ne mai yawan magana ba, mu kuma kunya da kwarjininsa sun hana mu tambaya, alhali kullum muna ganin tabon harsashi a ƙaurinsa idan yana alwala. Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar gara ta cinye rabin littafin sallamarsa. Abin da ya tsira shi ne lambarsa mai farawa da 63NA, sai sunansa, wanda aka haɗa da sunan garinmu a maimakon na kakanmu, kamar yadda aka yi wa mutane da yawa a wancan zamani. Shekarun haihuwarsa ma da ido akawu ya ƙiyasta. Laifin namu ne, ba na kowa ba, domin shekara da shekaru littafin yana ɗaka ba wanda ya kula da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sai bayan an yi sadakar arba'in mahaifiyarmu ta shaida mana cewa ya taɓa gaya mata ya bar mace da ciki a gabas. Watakila muna da yaya da ya haura shekara hamsin, wanda bai san danginsa ba, kuma yana da haƙƙi a cikin gadon da muka raba. Ashe wannan magana ta wuce batun fansho, ta shafi nasaba da zumunci.

Ina shawartar duk wanda tsohonsa yake raye da ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin sallama da wayarsa tun yau, sa'an nan ya zauna da shi cikin ladabi ya naɗi muryarsa, ya tambaye shi lambarsa da bataliyarsa da garuruwan da ya bi da shekarar da aka sallame shi. Lambar ta fi komai muhimmanci, domin suna yana rikicewa a hannun akawu, lamba kuwa ba ta canzawa. Idan ya yi shiru a kan wani abu, a ƙyale shi, domin ba duk abin da aka gani a daji ne yake faɗuwa ba. Jikoki sun fi dacewa da wannan aiki, tun da wasan da ke tsakaninsu da kaka yakan buɗe bakin da ɗa ba zai iya buɗewa ba.

Ina kuma roƙon ofishin ajiye bayanan sojoji da ke Lokoja da Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja su duba yiwuwar buɗe hanya mai sauƙi da magada za su nemi kwafin takardun iyayensu da lamba kawai. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta san gidajen 'ya'yanta, kuma idan ta haɗa hannu da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ɗaliban tarihi za su iya zagayawa su naɗi waɗannan muryoyi kafin bikin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu mai zuwa.

Idan akwai dattijon da ya bi ta Nsukka a 1967, kuma yana da ƙarfin zantawa, ina roƙon iyalansa su sanar da ni ta hannun Edita, zan zo har gida da ragowar littafin mahaifina.

Wassalam,
Ɗan wani tsohon soja, daga Zariya.