Kira ga masu injuna: a auna haƙoran pinyo kafin a biya kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili domin in ja hankalin ƴan'uwana masu gyaran injuna, da masu sayar da kayan gyara, da matasan da suka fara sha'awar ƙera mutum-mutumi, game da wani ƙaramin ƙarfe da ke jawo mana asarar da ta fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Ina nufin faifan nan mai miƙaƙƙun haƙora da muke kira pinyo, wanda ke juya injin kwaɓa siminti, da na matsar man gyaɗa, da na naɗe farantin ƙarfe, da injin fiƙe ƙarfe. A nan Damagaram har gobe da ido muke sayensa, kuma a ganina ido bai isa ya yi wannan aiki ba.

Duk wanda ya taɓa neman pinyo a rumfunan kayan gyara, ko a kasuwar Dole ko can Kano, ya san yadda cinikin yake. Mutum zai zo da tsohon a cikin leda, mai rumfa ya tona tarin ƙarafa ya zaro wani, ya haɗa haƙoran biyu a hannu ya ɗan murza, sannan ya ce, "Maigida, ga shi nan, kamar an tsaga kara." Alhali a hannu kowane biyu da girmansu ya yi kusa da juna za su juya, tun da babu abin da ya kafa tazarar da ke tsakaninsu, a cikin inji kuwa sanduna biyun da ke ɗauke da su a kafe suke, ba sa matsawa ko kaɗan. Ba a jimawa sai inji ya fara kuka, idan aka buɗe a tarar giris yana ƙyalli da garin ƙarfe, sai a ɗora laifin a kan kayan zamani. Sau da yawa ƙarfen ba shi da aibu, kawai dai kama da wane ba ta wane.

Girman haƙori yana da lamba, ana ce mata modul, kuma pinyo biyu ba sa tafiya tare sai lambarsu ta zama ɗaya. Gano ta ba ya buƙatar komai sai ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, da ɗan lissafin da kowace wayar hannu ke yi. A auna faɗin faifan daga tsinin haƙori zuwa tsinin wanda ke ɗaya gefen, a ƙirga haƙoran a ƙara biyu, sannan a raba awon da wannan adadi. Pinyo mai haƙora 30 da faɗinsa ya kai milimita 64, modul 2 ke nan. Ko da tsohon ya ci, awon yakan fito daidai, domin gefen haƙori ne ke lalacewa, tsininsa ba ya taɓa komai. Lambobin da aka saba ƙerawa sanannu ne, irin su 1, 1.5, 2, 2.5, 3 da 4, saboda haka idan lissafi ya ba da abin da bai faɗa kan ɗaya daga cikin irinsu ba, sai mutum ya dakata ya yi tunani.

Dalilin dakatawar kuwa ya shafe mu fiye da mutanen wasu wurare. Kayanmu daga hanyoyi biyu suke zuwa: akwai injunan Faransa da Jamus da Sin masu awon milimita, akwai kuma tsofaffin injunan Ingila da Amurka, waɗanda da yawansu ta Najeriya suke shigowa, masu awon inci. A tsarin inci ana ƙirga yawan haƙoran da ke kan kowane inci na faɗin faifai ne, kuma idan aka raba 25.4 da wannan lamba sai a sami kwatankwacin modul. Mai lamba 10 a tsarin inci yana daidai da modul 2.54, wanda babu idon da zai bambanta shi da 2.5. Amma a faifai mai haƙora 40 bambancin faɗinsu ya wuce milimita ɗaya da rabi, kuma wannan ya isa ya sa haƙora su cije juna, boris, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa, ya yi zafi, sanda ta lanƙwashe. Haka nan akwai karkatar gefen haƙori: na yanzu digiri 20 ne, tsofaffi da yawa kuwa 14.5 ne, masu siririn gindi. Ko da modul ya zo ɗaya, idan karkatar ta saɓa ba za su yi zaman lafiya ba.

Sai batun ƙarfen kansa, inda nake ganin muna yin kuskure ta fuska biyu masu karo da juna. Ta farko ita ce a yanko pinyo daga kowane guntun ƙarfe da aka samu. Ƙarfe mai ƙarancin sinadarin kabon, irin wanda ake yin ƙofa da taga da shi, ko an gasa shi ya yi ja an tsoma a mai ba zai yi taurin kirki ba. Wanda ya dace da yawancin injunanmu shi ne C45, wanda takardun Faransa ke rubutawa XC48, na Amurka kuma 1045. Idan aikin mai nauyi ne da girgiza sai a nemi 42CrMo4. Pinyon akwatin giyar mota kuwa galibi fatarsa kawai ake taurarawa, cikinsa a bar shi da ɗan laushi domin ya jure duka. Magagari yana faɗin gaskiya a nan: idan ya kama haƙori yana ci, ba a taurara shi ba, idan ya zame yana ƙara, an taurara. Ƙaramin pinyo ya kamata ya fi babban tauri, domin kowane haƙorinsa ya fi yawan shiga aiki, kuma kada haƙoransa su gaza 17 idan na digiri 20 ne, in ba haka ba gindinsu yakan fito a rarake.

Fuska ta biyu ita ce zaton cewa duk abin da ya fi tauri ya fi kyau. Masu ƙera injuna sukan bar wuri ɗaya mai rauni da gangan, ko ɗan ƙarfen makulli da ke tsakanin pinyo da sanda, ko wani faifai guda na roba ko na ƙarfen zubi, domin idan dutse ya faɗa cikin inji shi ya karye, mai tsada ya tsira. Idan makaniki ya gaji da canza wannan abu mai arha ya sa ƙarfe mai tauri a gurbinsa, ranar da inji ya cije sai sanda ta murɗe ko motar lantarkin da ke juya injin ta ƙone. Mafi muni shi ne a yi wa pinyo walda a jikin sanda saboda raminsa ya yi faɗi. Zafin walda yana kashe taurin haƙora, yana karkatar da faifan, kuma ranar gyara sai an yanke sandar gaba ɗaya.

Wasu kan ɗebo pinyo masu karkatattun haƙora daga matattun motoci su sa a injin da aka yi domin miƙaƙƙu. Gaskiya ne sun fi shiru, kuma shi ya sa mota take kuka idan tana ja da baya, domin giyar baya a yawancin motoci miƙaƙƙun haƙora gare ta. Sai dai karkatattun suna tura sanda gefe, kuma boris ɗin da ba a yi shi domin wannan turi ba ba ya daɗewa. Kada kuma a manta da yashinmu. Pinyon da aka bari a buɗe a lokacin hunturu, ƙura ta haɗu da giris, cin kansa yake yi dare da rana; murfin da aka lanƙwasa da guntun kwano ya fi ƙarfe mai tsada amfani a nan.

Ga ƙannenmu masu ƙera mutum-mutumi kuwa, damuwarsu ba ƙarfi ba ce sosai, nauyi ne da wasan da ke tsakanin haƙora. Ƙarfe ya kusa ninka alminiyam sau uku a nauyi, ya ninka robar da ake yin pinyo da ita fiye da sau biyar, saboda haka cika hannun mutum-mutumi da ƙarfe yana cinye batir a banza. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin da ke bakin motar lantarki ya zama na ƙarfe, modul 0.5 zuwa 1, babban kuma ya zama mai sauƙi. Amma a lura da zafin garinmu: robar PLA da ake buga kaya da ita a injin ɗab'i na 3D tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma na'urar da aka bari a rana a watan Afrilu ba ta da nisa da haka. Wasan haƙora kuma dole ne a bar shi, kimanin kaurin takarda guda ga masu matsakaicin girma, sai dai kowane haɗin pinyo biyu da aka ƙara a jeri yana ƙara shi. Wasan digiri ɗaya kacal a gaɓa, idan hannun ya kai santimita 50, ya zama kusan milimita 9 a bakin yatsu, kuma babu lissafin kwamfuta da zai sa irin wannan hannu ya ɗauki ƙusa daidai.

Roƙona ga masu rumfunan kayan gyara shi ne su ajiye ma'auni a kan teburi, su riƙa rubuta modul da yawan haƙora da fenti a jikin kowane pinyo tun ranar da ya shigo. Ga malaman cibiyoyin koyon sana'a da iyayen gida a gareji kuma, su koya wa yara wannan lissafi tun kafin su riƙe sandar walda. Masu injuna su ma, idan ɗaya ya ci, su daure su canza biyun tare, domin tsohon da ya riga ya lalace shi ne ke fara cin sabon.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran injuna,
Unguwar Zango, Damagaram.