Mai zuwa Lisbon ya ware wa tsohon garin yini guda

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Mutanenmu da ke samun bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai suna yawan ratsawa ta Lisbon, babban birnin Fotugal, amma akasarinsu hoto kawai suke ɗauka a gaban hasumiyar Belém su koma otal. Wannan asara ce, domin birnin na ɗauke da tarihin Musulmi da na baƙar fatar Afirka ta Yamma, kuma kwana biyu sun isa a gan shi idan an tsara tafiyar.

Lisbon a kan tuddai take, don haka a fara daga sama a gangaro. Daga dandalin Praça da Figueira bas mai lamba 737 na kai mutum har kusa da ƙofar ganuwar São Jorge. Musulmi sun mulki garin fiye da shekara 400, har zuwa 1147 da Sarki Afonso Henriques ya ci shi da taimakon mayaƙan Salibiyya. Jama'a na cika kan katanga don hangen kogin Tejo, su wuce wurin da aka tono ragowar gidajen Musulmi na ƙarni na 11 a can cikin harabar, alhali shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai. A je da safe da zarar an buɗe, kafin layin tikiti ya yi tsawo.

Daga nan a sauko a ƙafa ta lungunan Alfama, unguwar da girgizar ƙasa ta 1 ga Nuwamba 1755 ba ta rusa gaba ɗaya ba, shi ya sa hanyoyinta suke a murɗe kamar na cikin birnin Kano. A kan hanya akwai babban cocin Sé da aka fara ginawa a 1147, a gurbin da ake cewa babban masallacin garin yake. A ɗaya gefen tudun kuma Mouraria take, inda aka keɓe Musulmi bayan faɗuwar garin, har zuwa 1496 da Sarki Manuel na ɗaya ya ba da dokar korar su tare da Yahudawa.

Maganar takalmi ba ƙarama ba ce. Hanyoyin ƙafa an shimfiɗe su da ƙananan fararen duwatsu waɗanda sawu ya goge sun yi sulɓi; da yayyafi ya sauka a gangare, takalmin fata mai santsin ƙasa zai kayar da mutum. A sa mai ƙasan roba. Shi kuma taragon lantarki mai lamba 28 da kowa ke yabo, daga dandalin Martim Moniz yake tashi, ƙarami ne, da rana cike yake maƙil, kuma 'yan sane sun san baƙi ne ke cikinsa. Wanda ya nace sai ya hau, ya yi sammako, ya riƙe jakarsa ta gaba, fasfo kuma ya bar shi a otal ya yi yawo da kwafi. Katin sufuri da ake saye a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi biyan kuɗi a hannun direba araha, sai dai kowane mutum da nasa katin, kuma dole a taɓa shi a na'ura duk lokacin da aka shiga.

Unguwar Belém, inda hasumiyar take, a bar ta ga rana ta biyu, kuma kada ta zama Litinin, domin ranar a rufe wuraren suke. Jirgin ƙasa daga tashar Cais do Sodré ya fi taragon 15E sauri. A fara da gidan ibadar Jerónimos, wanda aka soma ginawa a farkon ƙarni na 16 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da hasumiyar a 1983. Layi biyu ne a ƙofar, na coci inda kabarin shahararren matuƙin jirgin ruwa Vasco da Gama yake, da na farfajiyar ciki mai buƙatar tikiti, kuma mutane da yawa kan ɓata lokaci a layin da ba nasu ba. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Hasumiyar kanta kyanta daga waje yake. Matakalarta ƙunci gare ta, dattijo ko mai ciwon gwiwa bai yi asarar komai ba idan bai hau ba.

A gaban gunkin tunawa da matuƙan jiragen ruwa da aka gina a 1960 akwai taswirar duniya a ƙasa, ɗauke da shekarun da Turawan Fotugal suka isa gaɓoɓi daban-daban. Abin da taswirar ba ta faɗa ba shi ne bayi. Turawan Fotugal ne suka gina sansanin Elmina a Ghana ta yau a 1482, kuma a tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne. Titin Rua do Poço dos Negros yana tuna ramin da Sarki Manuel ya ba da umarnin haƙawa a 1515 don jefa gawarwakin bayi. Mai ziyara daga ƙasashenmu ya kamata ya taka can, ko da babu abin ɗauka a hoto.

Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Praça de Espanha. Abincin halal ya fi samuwa a titin Benformoso kusa da Martim Moniz. A sauran gidajen abinci a riƙa tambaya, domin ana jefa yankan naman alade har a miyar ganye ta caldo verde, kuma burodi da zaitun da ake ajiyewa a tebur ba kyauta ba ne, wanda aka taɓa sai an biya.

Wassalam.

Daga wasu masu karanta jaridarku