Malam, tsofaffin tambayoyi zan saya ko littafin Fizis?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni saurayi ne daga Argungu, na gama sakandare, kuma na samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Burina in karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, don haka a JAMB ta bana Turanci, Fizis, Kimistiri da Bayoloji zan rubuta.

Abin da ya hana ni barci shi ne kayan karatu. Baba ya sayar da shinkafa ya biya mini rajista, abin da ya rage kuma ba zai sayi komai da komai ba. Yayana ya ce in zuba shi duka a tsofaffin tambayoyi in haddace, wai suna maimaituwa. Wani malaminmu kuma ya ce in sauke silabus ɗin JAMB, tunda kyauta ne, in bi shi maudu'i bayan maudu'i da littafin aji. Abokina shi manhajar waya ya sani, mai gwada mutum da agogo.

Zuciyata ta fi kwanciya da maganar malamin namu, saboda Fizis. A makarantarmu mun daɗe ba mu da malamin Fizis, abin da muka yi kaɗan ne. Na ari littafin tsofaffin tambayoyi na buɗe wajen lantarki, na ga an ce amsa C ce, amma ta ina aka bi aka same ta, ban gani ba. In aka sauya lamba ɗaya ranar jarrabawa, me haddata za ta yi mini? Sai dai kuma littafin Fizis ɗin da na gani a kasuwa kaurinsa ya ba ni tsoro, ga lokaci na gudu.

Lokacin ma ba nawa ba ne duka. Jarrabawar tana faɗowa ne a tsakiyar noman rani. Da asuba ina fadama, ni ke tayar da injin ban-ruwa in zauna in ga ruwa ya zaga fangali. Ba zan bar Baba shi kaɗai ba, da wannan shinkafar ake biya mini karatun. Abin da nake da shi sosai daga bayan Isha'i ne, da 'yar fitilar sola, idan gajiya ta bari.

Ga kuma kwamfuta, da ita ake rubuta jarrabawar. Tambayoyi 180 ne a cikin awa 2, Turanci 60, sauran 40-40, ni kuwa hannuna bai saba da ita ba. Cibiyoyin koyo kuɗi suke karɓa.

Don Allah Malam, da wanne zan fara? In sayi littafin Fizis in ci gaba da aron tambayoyi, ko in ƙarfafa Bayoloji da Kimistiri da na fi iyawa don in samu kaso mai kyau cikin maki 400 na jarrabawar? Daren nan nawa, darasi ɗaya zan ba shi ko in raba biyu? Kuma jarrabawar gwaji ta JAMB, ta isa ta koya wa irina kwamfuta, ko in ware wani abu don cibiya?

Ina sauraren shirinka a waya ko ina fadama.

Naka,
Ɗalibi daga Argungu, Jihar Kebbi