Wasiƙa daga Dakar zuwa Sakkwato

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da ƙannena da dukan mutanen gida. Ni ma ina nan lafiya, sai godiyar Allah.

Yaya ya gaya mini kina tambaya ko wane irin abinci muke dafawa a wurin aikina, har kuɗin da mutum ɗaya yake biya a zama guda ya kai cefanen gidanmu na kwanaki. Gidan abincin yana unguwar Almadi, a bakin Tekun Atlantika, inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta wajen yamma, kuma ba a zuwa sai an kama wurin zama tun da wuri. Masunta 'yan ƙabilar Lebu na Ngor da Yof ne suke kawo mana kifi da kwale-kwalensu, kuma abin da teku ya bayar a ranar shi ake dafawa. Wanda aka fi nema shi ne cof, kifin nan da hotonsa yake bayan takardar sefa 2,000 da ake kashewa a Birnin Ƙonni. Ya yi wuya yanzu saboda yawan kamu, shi ya sa kuɗinsa ya hau.

Abincin da Sanagal take tinƙaho da shi dafa-dukar shinkafa da kifi ce, wadda suke kira cebu jen. Asalinta daga garin San Luwi ne, kuma a shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. A gida ana yin ta da tsakin shinkafa, a tsaga kifi a cusa masa dakakkiyar tafarnuwa da barkono da ganye, a zuba rogo da kabeji da karas da gauta, sannan a juye a babban faranti kowa ya sa hannu. Mu kuwa rarraba ta muke yi. Ana rufe kifin a leda a dafa shi a ruwan da bai kai tafasa ba don kada tsokarsa ta bushe, ana tsane romon har ya yi kauri, a ɗiga tsamiya da miyar yakuwa a gefe, a kawo wa mutum abin da bai wuce loma uku ba kafin a shigo da na gaba. Ƙanzon gindin tukunya, wanda su ma a nan ba sa wasa da shi, shi ake busarwa a soya ya yi ƙaras-ƙaras, a ɗora a sama a matsayin ado.

Abin da zai ba ki mamaki, Inna, shi ne yawancin kayan da baƙi suke yabawa suna nan a ɗakin girkinki. Acca tana maye gurbin shinkafa a wasu faranta, garin ɗan kuka ake kaɗawa da madara a daskarar, zoɓo kuma ana dafa shi da sukari har ya zama miya mai tsami da ake zubawa a kan kifi. Har yajin ƙuli na masu tsire, wanda Hausawa suka daɗe suna sayarwa a titunan Dakar, ya shiga cikin jerin.

A ganina ba duk sabon salo ne yake karɓar abincin ba. Akwai farantin da aka mayar da romon kifi kumfa, ya yi kyau a ido amma ba ya riƙe harshe, kuma 'yan ƙasa da suka ci sun ce ba su ji gida a cikinsa ba. Wanda yake fita da kyau shi ne wanda babban kuku ya fara dafa shi yadda uwarsa ta koya masa, da busasshen kifi da daddawa, kafin ya taɓa siffarsa. Shi ya sa ba ya barin sabon yaro ya kusanci injinan girki sai ya iya tukunyar gargajiya. Masu cewa girki ba aikin namiji ba ne, a gaya musu sana'a ce da ake koyo shekara da shekaru.

Daddawar nan ta fi tamu laushi da ƙarfin wari, kuma da na kwatanta wa babban kuku irin taki ta kalwa da kike mulmulawa ki shanya, ya ce yana son ya gwada ta da cof. Don haka ina roƙon ki ba Yaya kaɗan ya aiko mini idan an sami mai tahowa, tare da bayanin tsawon lokacin da kike rufe kalwar kafin ki daka.

Ki gaishe mini da Baba da Goggo da maƙwabta, ki kuma ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanki mai biyayya.