Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2020

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas.

Mun shiga shekarar da niyyar zagayen awon hawan jini kyauta a Agege da Idi-Araba, kamar yadda muka saba. Fita ɗaya muka samu. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya a nan Legas, ranar 30 ga Maris aka fara dokar kulle, taronmu ya koma WhatsApp.

Aikin da ya cinye mana shekara ba ya cikin jadawali, wato kula da mambobinmu da ke aiki a ɗakin masu jinya mai tsanani. Azumi ya same su cikin kayan kariya, zufa har cikin takalmi, takunkumi ya bar musu shati a karan hanci. Wata nas daga cikinmu ta shafe watanni tana kwana a falo, idan ƙaramar 'yarta ta rugo da gudu sai ta ɗaga mata hannu ta tsaya daga nesa. Wani ɗan uwa ya ce ko ya kwanta ƙarar na'urar numfashi yake ji a kunnensa. Duk wannan, alawus ɗin haɗari da annobar ta tarar naira 5,000 ne a wata, yana cikin abin da ya kai likitoci masu neman ƙwarewa yajin aiki a watan Yuni.

Abin da ya fi damun kwamiti shi ne kowa ka tambaya sai ya ce "lafiya lau, sai godiya". Haƙuri ibada ne, amma rashin barci da saurin fushi da jin zuciya ta bushe ga majinyaci alamu ne da ke buƙatar kulawa. Don haka muka haɗa mambobi biyu-biyu, kowa ya riƙa kiran abokinsa bayan aikin dare. Waɗanda abin ya yi wa nauyi mun raka su wajen likitan ƙwaƙwalwa cikin sirri, domin har a cikinmu akwai mai gudun a ce an gan shi a asibitin masu taɓin hankali na Yaba.

Mun gaza wajen 'yan uwa masu shara da masu tura gado. Ba mu neme su ba sai a Disamba, da cutar ta sake tashi. Da su za mu fara a sabuwar shekara.

Kuɗin wata ya ja baya ƙwarai. Mai bashi ya tuntuɓi ma'aji kafin taro na gaba.

Sakataren Ƙungiya