Wasiƙa Zuwa Münster

Mutumina Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyi, ya karatu? Ko da yake ban san me ya sa nake tambaya ba, tun da wanda ya bar mutane babu ko saƙon barka da Sallah ai ba ya cikin masu buƙatar gaisuwa. Hajiya ta ce in gaya maka ta ga hoton, kuma gemun bai yi maka kyau ba.

Wata buƙata ce ta sa na zauna rubuta maka, amma bari in fara da ƙorafi, don kai ka jawo min wannan jarabar. Kiɗe-kiɗen Jamusawan nan da ka zuba min a kwamfuta kafin ka tafi sun hana ni sakat. Yanzu in na buɗe shago, kafin in share gaban ƙofa na riga na kunna kiɗan ƙungiyar Can. Yaron shagon ya daina tambaya, sai dai ya girgiza kai. Uwargida kuwa kiɗan injin markaɗe take kiransa, kuma ta kafa doka ba a kunna shi a gida bayan Isha'i.

Musunmu na nan, ban sauka ba. Kai ka tsaya kan ƙungiyar Kraftwerk, ni kuma na ce duk wannan zamani na 1970 da 'yan kai babu kamar mai gangar Can, Liebezeit. Na yarda faifan Autobahn ya buɗe wa Kraftwerk ƙofar Amurka a bayan fitowarsa a 1974, na yarda masu kiɗan na'ura na yau duk jikokinsu ne. Amma ka koma ka saurari faifan Can, Tago Mago na 1971, waƙar nan mai minti 18 da ke ciki, ka bar komai ka bi gangar kawai. Mutumin ya kama bugu ɗaya ya riƙe, ba ya gaggawa, ba ya nuna gwaninta, sai ka yi zaton ba abin da yake canjawa, alhali hannunsa na can yana ɗan sassaɓa abu a ƙarƙashi. Kuma fa daga kiɗan jazz mara ƙa'ida ya fito, inda kowa ke bugun son ransa, ya juya wa wannan baya ya zaɓi maimaici. Wanda ya iya yawa ya ga dama ya taƙaita, shi ne gwani a wurina. Na'urar Kraftwerk ba ta da zaɓi, dole ta maimaita. Shi kuwa da gangan yake yi.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne yadda 'yan Can suka haɗu. Holger Czukay da Irmin Schmidt ɗaliban Stockhausen ne, mashahurin mai tsara kiɗan nan na Jamus, masu karatun kiɗa mai zurfi, suka kafa ƙungiya a Kolon a 1968 tare da matashi mai jita, Michael Karoli. Da mawaƙinsu Ba'amurke Malcolm Mooney ya koma gida, sai suka tsinci wani Bajapane yana waƙa a bakin titi a Munich a 1970, a daren nan ya hau dandamali da su. Damo Suzuki ke nan. Ka ji fa! Mu nan wata uku muka yi muna gardama kan wanda zai riƙe kuɗin adashi. Damo ya rasu a Fabrairun 2024. Liebezeit da Czukay duk a 2017 suka tafi, Karoli tun 2001. Schmidt ne ya yi ta fito da tsofaffin wasanninsu na dandamali daga baya, shi ya sa nake ta samun sabon abin sauraro daga ƙungiyar da yawancin mutanenta suna ƙasa.

Af, kafin in manta, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, kuma ba wadda kake tsammani ba. Bashinka na Indomie yana nan a littafinsa, ya ce ko da kuɗin Turai ne zai karɓa. Angon bara kuma ya yi tumbi har babbar rigar ɗaurin aurensa ta matse shi. Ƙaninka ya zo ya ari janareta, yau mako nawa ban ga ƙeyarsa ba, ka yi masa magana.

Ka san akwai ɗan Gana a cikin Can? Rebop Kwaku Baah, mai kiɗan hannu, ya shiga a 1977 bayan ya yi zama da ƙungiyar Traffic ta Ingila. Masu son Can na gaske suna raina fayafayen wannan lokacin, wai ƙarfin ya ragu. Ni dai ina jin daɗinsu, ka kira shi son kai in ka ga dama. Ƙungiyar Neu! kuwa har yanzu faifansu na farko na 1972 kawai nake iya ji daga farko zuwa ƙarshe. Na biyun, da kuɗi suka ƙare musu suka cike gefe guda da waƙoƙin da suka riga suka yi, suna juya su da sauri da kuma a hankali, kai kana kiransa basira, ni ina kiransa talauci da wayo.

To ga buƙatar. Ɗakin ɗaukar sautin Can, wanda suka yi a tsohon gidan silima a Weilerswist suka lulluɓe bangon da katifu, an kwashe shi an sake kafawa a gidan tarihin kiɗan rock da pop da ke Gronau, kusa da iyakar Holan. Na duba taswira, daga inda kake jirgin ƙasa ne kawai, kada ka kawo min zancen jarrabawa. Ka je ka ɗauko min hoton komai, har wayoyin da ke ƙasa. In ka ci karo da faifan Ege Bamyasi, mai gwangwanin kuɓewa a bango, ka saya, zan ba Hajiya kuɗin a nan. Ba ni da abin juya faifai tukuna, amma wannan matsalata ce.

Wuta ta ɗauke, batir saura kaɗan. Ka gaishe da ɗan Kamarun nan da kuke ɗaki ɗaya, ka ce masa har yanzu ina jiran amsar maganar ƙwallo.

Naka har kullum,
Mai shago