Abin Al'ajabi Ba Sai an Je Masar Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shirinku na abubuwan al'ajabi, Allah Ya ƙara basira. Sai dai kusan kullum labarin dalar Masar ne, ko saukar Amurkawa a duniyar wata a 1969. To, mu fa nan Jos, ba mu da abin faɗa ne?

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, cikin Jihar Kaduna ta yanzu. Ba wanda ya damu da shi sosai. A 1943 aka sake tono wani a yankin Jama'a, wani akawun ma'adinai ya ɗauka ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Kan da ya haura shekara 2,000 yana gadin doya! Da aka kawo shi Jos, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura ya yi kama da na farko, daga nan duniya ta san mutanen Nok, wato mutanen dā da suka ƙera kawunan. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos a 1952, wanda yaranmu ke wucewa ta gefensa a guje ranar Sallah, hankalinsu na gidan zu.

Mutanen Nok ɗin nan sun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da aka fitar a 2021: an gano ɓurɓushin kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, wato suna cin zuma tun kusan shekara 3,500 da suka wuce.

Ko a madafa ma akwai darasi. Jos na bisa tudu kimanin mita 1,200, iska ba ta da nauyi sosai, shi ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Don haka in wake ya daɗe bai nuna ba, a daina ɗora wa amaryar da aka kawo daga Legas laifi.

Roƙona, ku ware mako ɗaya a wata don irin waɗannan, ku kuma nemi tsofaffin leburorin kuza na Bukuru ku naɗi muryarsu tun suna raye.

Naku,
Mai sauraro daga Unguwar Rogo, Jos